Darasi na 6: Kiwon Kaji a Bayan Gida

A cikin abin kiwo babu mai sauƙin farawa kamar kaza. Ba ta buƙatar fili mai yawa. Tana tonon ƙasa ta ci ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye, ta yi ƙwai, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe da kanta. Wannan sauƙin ne yake sa wasu su sake ta haka nan, ba wurin kwana, ba ruwa, su ce ai kaza ita ke ciyar da kanta. Gaskiya ne tana nema, amma abin da take samu bai kai ya ishe ta ba. Kiwo ba tare da sinadarai masu yawa ba abu ne mai kyau, sai dai yana son ido da kulawa kullum.

Ku fara da kaɗan. Kaji huɗu ko biyar da zakara ɗaya sun ishi iyali su koyi aikin. Zakara ɗaya yana iya ɗaukar kaji har 10. Ku sani kuma kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, sai dai wannan ƙwan na ci ne, ba ya ƙyanƙyasuwa.

Akurki

Kafin kaza ta shigo gida, akurki ya riga ta. Yawancin ɓarnar da ake yi wa kaji da dare ake yin ta: muzuru, maciji, gafiya, ɓera. Saboda haka ƙofa ta rufu sosai, a toshe duk ramin da hannu zai iya shiga. A bar tagogi daga sama, a rufe su da ragar waya, domin iska ta ratsa. Ruwan sama kada ya shiga. A shimfiɗa garin katako ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a ƙasa. Idan kuka buɗe ƙofa da safe wari ya sa idonku yaji, to huhun kajin ya daɗe yana shan wahala, a kwashe shimfiɗar a sa sabuwa.

Kaza tana son kwana a sama. A gitta sanda mai kauri, a ba kowace kaza wurin da ya kai taƙi ɗaya. A wani lungu mai duhu a ajiye kwando ko tsohon akwati da ciyawa a ciki, shi ne gurbi. Gurbi ɗaya ya ishi kaji huɗu.

Abinci da ruwa

Babbar kaza tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, wato wajen cikin hannu biyu. Idan tana fita kiwo ba sai an ba ta duka ba. A watsa mata hatsi ko dusa da safe, a ƙara da yamma a bakin akurki. Na yamman nan yana koya mata dawowa gida da wuri.

Hatsi kaɗai ba ya gina jiki. Tana buƙatar ƙwari, gara, tsutsa, garin kifi ko waken soya. Amma waken soya sai an gasa ko an dafa, ɗanyensa yana hana kaza girma. Hatsin da ya yi fumfuna a zubar, ko kaɗan kada a ba ta. Haka ragowar abinci mai gishiri da yawa.

Kaza ba ta da haƙori. Ƙananan tsakuwoyin da take haɗiya su ne suke niƙa mata hatsi a cikin ƙundu. Ɓawon ƙwai kuwa daga sinadarin kalsiyam ake yin sa. Idan kuka ga ƙwai ya fito da laushin ɓawo, ku busar da ɓawon ƙwan da kuka ci, ku daka shi sosai ku zuba mata. A daka shi har ya fita daga kamanninsa, don kada ta koyi fasa nata.

Ruwan da take sha ya kusa ninka abincinta biyu, a lokacin zafi ya fi haka. A ajiye shi a inuwa, a wanke mazubin kullum. Wannan aiki ne da yara suke so, a ba su shi.

Kwanci da 'yan tsaki

A nan ne riba take, a nan ne kuma asara ta fi yawa. Sagara tana fara ƙwai tana da wata biyar zuwa bakwai. Idan ta shiga kwanci za ku gane: ba ta barin gurbi, tana buɗe gashi, tana yi wa mai taɓa ta tsawa. A sa mata ƙwai 8 zuwa 12, gwargwadon abin da jikinta zai rufe. Wanda ya leƙo waje sanyi zai kama shi. A zaɓi ƙwai masu tsabta, marasa tsagewa, waɗanda ba su wuce kwana 7 zuwa 10 ba, kuma kada a wanke su. Ku ɗauki fensir ku rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙwai. Da haka idan wata kaza ta zo ta ƙara sabo a gurbin, za ku gane shi ku cire.

A kwana na 10, da dare, ku haska tocila a jikin ƙwai cikin duhu. Mai rai za ku ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo, da wani ɗan duhu a tsakiya, wani lokaci har yana motsi. Wanda haske ya ratsa tas, babu komai a ciki, a fitar da shi kafin ya zama baragurbi. A kwana na 21 za ku ji ƙaramin kuka daga ƙarƙashin uwar.

Kada a saki 'yan tsakin washegari. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoronta ba ya hana shirwa ɗauka. A ajiye uwa da 'ya'yanta a keji ko ƙarƙashin babban kwando har mako huɗu zuwa shida, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta. A ba su tsaki mai laushi haɗe da dafaffen ƙwai ko gara. Ruwansu a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki. Ɗan tsako yana iya nitsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, wanda ya jiƙe kuma sanyi ne ke kashe shi.

Lafiya

A zuba yashi da toka a busasshen wuri. Kaji za su yi birgima a ciki, wannan ne wankansu, yana rage musu ƙwarkwata da ƙuma.

Akwai cutar da toka da saiwa ba sa yi mata komai, ita ce Niyukasil. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jawa na Indunusiya, aka sa mata sunan wani gari a Ingila inda ita ma ta ɓulla a wannan lokaci. Kaza takan saki fukafukai, ta yi koren zawo, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, wata wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani, sai rigakafi. Akwai wanda ake kira I-2, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa duk wata huɗu. Masu lafiya ake yi wa, ba waɗanda suka kamu ba. Ina roƙonku kada ku ɗauki rigakafi a matsayin abin da ya saɓa wa kiwon gargajiya.

Na taɓa sayo wata kaza mai kyau, na sake ta cikin nawa a ranar. Bayan kwana biyar ta fara gyangyaɗi. Kafin mako biyu kaji biyu suka rage mini, yarana kuma kowace sun sa mata suna. Tun daga nan duk baƙuwar kaza sai ta yi mako biyu a keɓe. Wadda ta nuna rashin lafiya a ware ta nan take. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a ci, kada a jefar a bola. Idan da yawa suka mutu farat ɗaya, a sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi, domin yana iya zama murar tsuntsaye. Duk wanda ya taɓa kaza ko ƙwai ko kashinsu ya wanke hannu da sabulu, musamman yara.

Aikin gida

Ku samo ƙaramin littafin rubutu. A shafin farko ku rubuta yawan kajinku. Kowace yamma ku rubuta kwanan wata da yawan ƙwan da kuka kwasa. Sannan ku amsa waɗannan:

1. Kaza ta fara kwanci ranar 3 ga wata. Ranar nawa ga wata za ta ƙyanƙyashe?
2. An yi wa kaji rigakafi a watan Janairu. A wane wata za a sake?
3. Kuna da kaji 12. Gurbi nawa za ku tanada?