Yadda ake kula da gashi mai laushi mai lanƙwasa

Ƙanwata gashin kakarmu Bafulatana ta ɗauko: mai laushi, kwance a tushe, daga tsakiya kuma ya riƙa lanƙwashewa har baki. Shekara da shekaru muna yi masa abin da ake yi wa nawa mai tauri. A lafta man kaɗanya, a taje shi a bushe, a kai ta wurin makitsiya a ja. Kwana biyu da wanki kan ya yi danƙo, bakin gashin ya yi buzu-buzu, gaban goshi kuma ya fara cinyewa. Mu ne muka ɓata shi, da sunan gyara.

Abin da ba mu gane ba shi ne, maiƙon da fatar kai take fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a irin wannan gashi, ba kamar mai murɗewa sosai ba. Saboda haka ba ya buƙatar mai da yawa. Ruwa yake so, da hannu mai sauƙi.

Ki fara da wanki, sau ɗaya ko biyu a mako. Shamfu a fatar kai kawai za ki sa, ki cuɗa da tafin yatsu, ba da farce ba. Kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin. Sabulun wanki kuwa kada ya kusanci kanki. Idan kuɗin man laushin gashi na kanti ya yi miki yawa, ki koma wa karkashi: cokali 2 na busasshe a kofin ruwan ɗumi, ki bar shi minti 15 ya saki yauƙi, ki tace da tsumma mai tsabta. Shi ne ganyen da matan Cadi suke kira ambunu, wanda yanzu ake ƙullawa a leda ana sayarwa da tsada. Ni na fi yarda da shi a kan yawancin na kwalba.

To ga inda muka daɗe muna kuskure, wato taza. Wannan gashi ba a taje shi a bushe, ko sau ɗaya. Mataji yana shiga sai ya wargaza silin da suka haɗu suka yi lanƙwasa, kowane ya kama gabansa, kai ya kumbura. Lokacin taza shi ne yayin da gashin yake jiƙe sharkaf, da yauƙin karkashi ko man laushi a jikinsa. Ki raba shi gida 4. Ki fara warware ƙulli da yatsu, sannan ki ɗauko mataji mai manyan haƙora, ki fara daga baki kina hawa zuwa tushe, ɗaya hannun yana riƙe da gashin a sama don kada ya ja fata. Jiƙaƙƙen gashi ya fi saurin tsinkewa, don haka in mataji ya tsaya, ki tsaya, ki ƙara yauƙi. Kada ki tsorata da abin da ya biyo mataji: sili 50 zuwa 100 suna zuba kullum a kan lafiyayyen mutum, in kuma gashi ya kwana uku a ɗaure, duk silin da suka zuba ranar wanki suke fitowa. Gajerun guntaye su ne alamar karyewa. Daga kin ɗauraye, an gama da mataji sai wani wankin.

Wajen tsanewa kada ki goge da tawul. Ki sunkuyar da kai, ki sa tsohuwar riga ta auduga ki tallabo gashin daga baki, ki matse shi sama zuwa fatar kai, ki saki, ki sake. Za ki ga lanƙwasar tana fitowa a hannunki. Sai ki ɗiga man zaitun ɗigo 3 ko 4 a tafi, ki murza, ki shafa a baki-baki kawai. Daga nan ki cire hannunki har ya bushe. Kuma don Allah kada ki ɗaura ɗankwali ko ki sa hijabi a kan jiƙaƙƙen kai, wari da ƙaiƙayi yake kawowa. Ki zaɓi ranar da ba za ki fita ba.

Da hunturu za ki iya ƙara ɗan man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa, a narke a tafi. Da dare ki tattara gashin a tsakiyar kai sako-sako, ki ɗaura kallabi mai santsi, da safe ki yayyafa ruwa ki matse. In kitso za ki yi, manya, kada a ja gaban goshi, kuma ki tsefe kafin mako 2. Man miƙar da gashi ba naki ba ne. Bakin da ya tsattsage a datse shi da almakashi duk wata 3, don babu man da yake haɗe shi.