Tsere a titi: inda muke tafka kuskure wajen sa buri da juriya

Tun da aka fara gasar gudun fanfalaki ta Riyadh a watan Maris na 2022, son gudu ya kama wasu daga cikinmu Hausawa mazauna Saudiyya. Mu 'yan Jidda bakin teku muke haɗuwa bayan sallar asuba. Na lura ba ƙarfin ƙafa ne ke kayar da yawancinmu ba, lissafi ne. Mutum ya ɗora wa kansa burin da ba nasa ba, in jiki ya ƙi sai ya ce zuciyarsa ce ba ta da ƙarfi.

Aron buri shi ne babbar cutar. Sai ka ji wani ya ce, "Ni fa rabin fanfalaki zan gama ƙasa da awa biyu." Ka tambaye shi inda ya samo wannan lokaci, ya ce abokinsa ya gani ya sa a Strava, manhajar wayar da masu gudu ke sa lokutansu. To, bari mu yi lissafin. Kilomita 21.1 a awa biyu na nufin kowace kilomita ka cinye ta a minti 5 da daƙiƙa 41, sau ashirin da ɗaya a jere, babu tsayawa ɗaure takalmi. Wanda kilomita 10 ke ɗaukar masa awa ɗaya yana tafiya ne a minti 6, ga shi yana son ninka nisan kuma ya ƙara sauri. Gyaran ba wuya. Ka je ka yi kilomita 5 da iyakar ƙarfinka, ka rubuta lokacin, daga wannan lambar za ka gina burinka. Ni na fi son mutum ya riƙe buri uku ranar tsere: na farko in komai ya tafi daidai, na biyu in rana ta yi zafi ko ciki ya murɗa, na uku kawai ya kai layin ƙarshe da ƙafafunsa. Mai buri ɗaya tal, da ya duba agogo a kilomita 12 ya ga lokaci ya kuɓuce masa, sai gwiwa ta yi sanyi alhali da sauran ƙarfi a jikinsa.

Wani dattijo a cikinmu ya taɓa ce mini, "Yaro, ni da nake Umra kusan kowane wata, kilomita goma ce za ta gagare ni?" Na ce, "Baba, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa duka kusan kilomita 3 ne, a inuwa, da sanyin na'ura, kuma sassarfar tsakanin koren fitilu ce kaɗai." Ya yi dariya, ya koma kilomita 4. A gasar Riyadh ma an yi wannan zangon a 2022, kuma babu abin kunya a cikinsa.

Sai kuma rikita juriya da taurin kai, wanda ya fi haɗari a ƙasa irin wannan. An raine mu a kan cewa namiji ba ya raki, shi ya sa za ka ga mutum ya fito atisaye da hantsi a watan Yuli wai yana horar da zuciya. A Riyadh zafin bazara kan haura digiri 40, a Jidda kuma iskar ce ke cike da laima, gumi ya yi ta zuba amma ba ya bushewa, kuma bushewar gumi ce ke sanyaya jiki. Ciwon da ake daurewa daban yake: nauyin cinya, haki, muryar nan da ke raɗa maka ka tsaya ka huta. Amma jiri, tangaɗi, jin sanyi cikin rana, ruɗewar magana, ko ciwon ƙirji, waɗannan ba na daurewa ba ne. A tsaya, a nemi inuwa, a kwarara ruwa a jiki, in abin ya yi tsanani a kira motar asibiti a 997. Haka ciwo mai suka a wuri ɗaya na ƙashin ƙwauri, wanda ke ƙaruwa da kowane taku. Wanda ya daure masa mako biyu yakan yi jinyar watanni.

Juriyar da nake girmamawa ita ce ta riƙe kai a farkon tsere. An busa usur, ga kiɗa, ga jama'a, safiyar hunturun Riyadh da sanyi mai daɗi, sai ƙafa ta kwashe ka ka bi zugar mutanen da ba sa'anninka ba. Daƙiƙa ashirin da ka sata a kowace kilomita ta farko, da mintuna za ka biya ta a ƙarshe. A cikakken fanfalaki na kilomita 42.195, wajen kilomita 30 ne abincin da tsoka ta adana ke ƙarewa, kuma wanda ya fara da wuta ya fi saurin cin karo da wannan bango. Ka bar su su wuce ka. Da yawansu za ka same su a gaba suna takawa riƙe da ƙugu.

Ita zuciyar ma atisaye take so. Mutane kan jira ranar gasa su ga ko suna da ita, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin gudun mako ya zama mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai. Sau ɗaya a mako, ranar Juma'a ko Asabar da ba aiki, ka yi dogon zango, ka ƙarasa kilomita biyun ƙarshe da saurin da kake so a gasa, lokacin da ka riga ka gaji. Ka koyi gutsura tafiya: daga nan zuwa waccan fitila, daga fitila zuwa teburin ruwa. Wasu ƙirga numfashi suke yi, wasu tasbihi daidai da takunsu.

Takalmi sabo fil ranar tsere kuskure ne, haka abincin da ciki bai saba da shi ba. Cin mandi, shinkafa da naman nan na Larabawa, da tsakar dare kafin gasa, wannan ba sai na faɗa ba. Ruwa kuma a sha daidai ƙishi, don ɗura shi fiye da kima na rage gishirin jini.

Azumi na zuwa, wasu su ajiye takalmi wata guda cur, wasu su nace sai sun yi abin da suka saba kafin shan ruwa. Mu dai muna rage nisa mu koma bayan tarawihi, burin watan kuma ya zama fita sau uku a mako, agogo a aljihu. Bayan sallah da mako biyu sai mu sake gwada kilomita 5 ɗin nan, mu ga lambar da za ta ba mu.