Yadda na shawo kan zafin da ya rage nonon shanuna

Da bazara ta kankama a watan Maris, nonon da nake tatsa a garkena da ke bayan garin Kaduna ya ragu sosai, musamman a wajen shanu ruwa-biyu masu jinin Firiziyan (shanun madara na Turai), alhali Bunaji, fararen shanunmu na gida, ba su damu ba. Ruwa-biyun suna tsayuwa suna haki, dalala na zuba, sun rage ci da tuƙa.

Da farko an zargi sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma gwajin jini bai nuna komai ba, hantsa ma lafiya lau, ƙarin dusa kuma bai amfana ba. Likitan dabbobi ne ya sa na ƙirga numfashinsu da azahar, na tarar ya haura 60 a minti guda, wanda alama ce ta wahalar zafi.

Matsalar tana rumfar shanun, domin kwanonta ya yi ƙasa, bango kuma ya tare iska. Na ɗaga rufin zuwa mita 4, na shimfiɗa zana a kan kwanon, na rushe rabin bangon. Na mayar da kwamin ruwa cikin inuwa, ba ya rabuwa da ruwa, tunda saniya mai yawan nono tana iya shan fiye da lita 100 a ranar zafi. Abinci ya koma asuba da bayan la'asar, tare da kanwar lasa.

Abin da ya fi tasiri shi ne jiƙa bayansu da rana, daga wuya zuwa ƙugu, har ruwan ya ratsa gashi ya taɓa fata, ban da hantsa, sannan a bar iska ta busar da su kafin a maimaita. Yayyafi sama-sama ba ya wadatarwa.

Alhamdu lillahi, na gode wa likitan. Haki ya lafa, nono yana dawowa sannu a hankali.