Yadda ake zaɓen tayar da ta dace da ƙafar keke, da yadda ake saka ta

Bara da kaka wani maƙwabcina mai noman shinkafa a fadamar Argungu ya je Birnin Kebbi, ya ce wa mai shago, "Alhaji, taya nika so, ashirin da takwas." Aka ba shi, ya dawo gida. Shi da ɗansa suka wuni suna fama da ita da sukuddireba, ta ƙi hawa rim, har wayar bakinta ta tsinke. Mai shago bai cuce shi ba, 28 ne rubuce a jikinta. Sai dai 28 iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai milimita 13. Abin ya ba ni takaici, don kuɗin da ya tafi guminsa ne.

Matakin farko, kafin ka taka zuwa kasuwa, goge gefen tsohuwar tayarka da jiƙaƙƙen tsumma ka karanta. Za ka ga rubutu irin 28 x 1½ ko 26 x 1.95. Wannan lissafin inci ne, kuma shi ke ruɗa mutane. Nemi wani rubutun kusa da shi, lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta farko kaurin taya ce, ta biyu kuwa faɗin rim, wato gargaren ƙarfen da taya ke zama a kai, an auna daga inda bakin taya ke kwanciya, a ratsa tsakiyar ƙafar zuwa ɗaya gefen, duka da milimita. Ana kiran wannan ma'auni ETRTO. Lambar nan ta biyu ita ce ba a sassauci a kanta. In rim ɗinka 635 ne, tayar 635 kaɗai za ta hau.

Manyan kekunan da iyayenmu suka saba da su, irin Raleigh da Phoenix da Hero masu birkin ƙarfe, waɗanda ake ɗora wa buhu ko jarkokin ruwa, galibi 635 ne, wato 28 x 1½. Kekunan tsere da na yawon gari 'yan Kwatano kuwa galibi 622 ne, a jikinsu za ka ga 700C, wani lokaci kuma a rubuta 28. Nan maƙwabcina ya faɗa. Har ma da abin mamaki: tayar da aka rubuta wa 27 x 1¼ rim ɗinta 630 ne, ta fi waccan 28 ɗin ta 622 girma. Haka 26 yake. Keken hawan dutse mai ƙatuwar taya, 26 x 1.95 ko 26 x 2.125, rim ɗinsa 559 ne, amma 26 x 1⅜ na tsofaffin kekunan Ingila 590 ne. Na yara da aka fi gani su ne 406 ga mai inci 20, da 507 ga mai inci 24, amma su ma a duba.

In rubutun ya goge, ari awon tela ka auna rim tsirara daga baki zuwa baki, ta tsakiyar ƙafar. Abin da ka samu zai ɗara lambar gaskiya da santimita ɗaya da ɗan ɗori, saboda tudun bakin rim. Ni dai shawarata, ka cire ƙafar ka tafi da ita kasuwa, ko Jega ko Birnin Kebbi, a gwada a gabanka. Wahalar ɗaukarta ba ta kai ta komawa canji ba.

Kauri shi ne inda kake da zaɓi. Wanda ke bin yashi da hanyar gona taya mai kauri ta fi masa, ba ta nutsewa kuma tana jure kaya. Mai bin kwalta siririya ta ishe shi. Kawai ka tabbata kaurinta ya kai kamar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na faɗin kwarin rim da taya ke zama a ciki, kuma ba za ta riƙa gogar jikin keke ba, musamman da damina in laka ta maƙale.

Tiyub ma ya bi lambar taya. Duba bawul ɗinsa, wato bakin da ake ba shi iska: akwai Dunlop na tsofaffin kekuna, akwai Schrader irin na babur da mota, akwai siririn Presta. Na farko da na biyu suna shiga rami ɗaya, amma ramin Presta ƙarami ne, mai kauri ba zai shiga ba.

Yanzu sakawa. Kifa keke, sassauta birki, kwance noti da sifana ka fitar da ƙafa. Sace iska gaba ɗaya, ka matse gefen taya zuwa tsakiyar rim inda yake da zurfi, sannan ka sa liba, wato abin ɗago bakin taya, nesa da bawul ka ɗago baki ɗaya. Zare tiyub, cire tayar.

Tsaya a nan, kada ka yi gaggawa. Cikin rim akwai robar da ke rufe kawunan sifoka, wato wayoyin ƙafar keke. In ta yage ko babu ita, sabon tiyub ba zai yi mako ba, kuma za ka yi ta zargin ƙaya da tsaida alhali daga ciki ake huda shi. Yanki daga tsohon tiyub yana yin wannan aikin. In rim ya yi tsatsa, goge shi. In wata sifoka ta leƙo, a rage tsininta.

In akwai kibiya a gefen sabuwar taya, ta fuskanci inda ƙafa ke juyawa in ana tafiya gaba. Shigar da baki ɗaya cikin rim. Ba tiyub iska kaɗan, daidai yadda zai tashi ya daina naɗewa, ka fara zura bawul a raminsa a miƙe, ka kwantar da sauran cikin taya. Sai baki na biyu: fara daga gefen da ke nesa da bawul, hannu biyu suna bin dama da hagu, ka ƙare a wajen bawul. Ƙarshen nan yakan yi tauri. Koma baya ka sake matse taya zuwa tsakiyar rim, za ka ga ta saki, sai ka tura da tafin hannu. Ruwan sabulu yana taimakawa. Sukuddireba kuwa ajiye shi, shi ke cizon tiyub. Tayar da ta ƙi hawa duk da wannan, sake karanta lambarta.

Tura bawul ciki kaɗan don tiyub ya fita daga ƙarƙashin bakin taya, ka zagaya gefe biyu kana leƙawa. Ba da rabin iska, juya ƙafar, ka kalli siririn layin da ke jikin taya dab da rim: ya zama daidai ko'ina. Inda ya nutse ko ya kumbura, sace iska ka gyara. Sannan ka cika zuwa abin da aka rubuta a gefenta, kada ka wuce, balle a zafin Afrilu da keke ke wuni a rana. In a wurin mai faci za ka sha iska da injin, ka ce masa ya bi a hankali, tayar keke nan da nan take cika.

Mayar da ƙafa ta zauna tsakiya, ɗaure noti, ja sarƙa daidai in ta baya ce, ka haɗa birki ka gwada shi tun a tsakar gida, kafin ka ɗora buhu.