Darasi na 7: Idan Faifan Kwamfuta Ya Ƙi Juyawa

'Yan uwa, a cikin tsohuwar kwamfutar tebur akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, girmansa kamar tafin hannu. Shi ne faifan ajiya, masu gyara suna ce masa had-dis. Takardunku da hotunan biki duk a cikinsa suke. Yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya. In ya ƙi juyawa, fanka za ta yi ta kaɗawa, allo ya kawo haske, amma Windows ba za ta buɗe ba.

Kafin komai, kashe kwamfutar ka zare filogi daga bango. Daga bango fa. Danna makunni kaɗai bai isa ba, kuma kada ka ce ai an ɗauke wuta. Mu a Kano mun san tana dawowa ba sallama. Zare filogin, ka ɗora shi a kan tebur inda idonka zai gan shi. Kana ganinsa? Madalla, ka yi rabin aikin. Sai ka danna makunni sau ɗaya don ragowar wutar ta fita.

Yanzu kwance kusoshi biyu na baya, ka zame murfin gefe. Tsaya. Ina filogin? A kan tebur yake? To, ci gaba.

Wayoyi biyu ne suke shiga faifan. Wadda ta fito daga akwatin wuta, wato akwatin da wayar filogi take shiga ta baya, ita muke nema. A tsofaffin kwamfutoci zare huɗu ne da ita: rawaya, ja, da baƙaƙe biyu. Rawayan ne yake kai wutar bolt 12 da ke juya faifan. Cire wayar gaba ɗaya daga jikin faifan, ka hure ƙurar hunturu da ta taru a bakinta, ka mayar har ta zauna daram. In akwai wata irinta a rataye, gwada waccan.

Makon jiya wani dattijo a ajinmu ya zura hannu filogi na jikin bango, bayan sau uku ina faɗa. Haba Baba! Ni ba zan kai kowa asibiti ba. A zare filogi, don Allah.

Darasi na 8: Saurare

Mayar da murfi, sannan ka sa filogi, ka kunna. Kara kunnenka. In ka ji "shuuu" yana tashi, faifan ya juya. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas ko ɗan kuka siriri, kashe nan take. Kada ka buga shi, kada ka sa shi a firji, kada ka buɗe cikinsa, ƙwayar ƙura ɗaya tana iya karce shi.

Darasi na 9

In ya tashi, kwafe takardunka da hotunanka a filas, wato ɗan abin ajiya da ake soka wa kwamfuta, yau ɗin nan. In bai tashi ba, nannaɗe shi a tsumma ka kai wa masu gyara a titin Beirut.