Sharaɗin mayar da kuɗi ga masu sayar da fulogin

'Yan'uwa masu sayar da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress (manhajar gina shafin intanet), a Garwa da Marwa ta Kamaru, ku rubuta sharaɗin mayar da kuɗi dab da wurin biya, da Hausa da Faransanci. Manhaja ba atamfa ba ce, in an sauke ta ba ta dawowa. Ni kwana 14 nake ba mai saye ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Amma sai na fara tambayar matsalar, don sau da yawa wani fulogin ne ke karo da nawa, ko PHP ɗin mutum (harshen kwamfuta da WordPress ke aiki da shi) ya tsufa. In gyara ya gagara, sai in mayar ta inda ya biya, Orange Money ko MTN MoMo, in soke lasisinsa. Mai biya da kati kuwa, kar ku ja masa rai: in ya kai ƙara banki, za a cire kuɗin, a ɗora muku tara.