Darasi na 9: Idan Mai Binciken Kasuwanci Ya Zo Wurinka

Wata rana baƙo zai iya yin sallama a wurin sana'arka, riƙe da takarda ko 'yar ƙaramar kwamfuta, ya ce yana son yi maka tambayoyi kan kasuwancinka. Kada gabanka ya faɗi. Mai bincike ba mai karɓar haraji ba ne. Ka nemi ya nuna maka katin shaidarsa, ka tambaye shi wanda ya aiko shi. Na gaskiya ba ya neman kuɗi, ba ya tambayar lambar sirrin asusunka.

Hukumomin ƙididdiga na ƙasashe suna irin wannan bincike. Bankin Duniya ma ya yi nasa a ƙasashe fiye da 150, inda ake zama da mai kamfani ko manajansa. A lissafin Bankin Duniya, kamfani mai ma'aikata 5 zuwa 19 ƙarami ne, 20 zuwa 99 matsakaici, daga 100 zuwa sama babba. Ba kowa ake tambaya ba. Tsamo sunaye ake yi kamar ƙuri'a, don haka amsarka tana tsaya wa mutane da yawa da ba a je wurinsu ba.

Wata tambaya da kan rikita mutane ita ce ta sabon abu: "A shekaru uku da suka wuce, ka fito da sabon kaya ko sabuwar hanyar aiki?" Nan take sai mutum ya ce a'a, don a zatonsa sai wanda ya ƙera inji ake nufi. Ba haka ba ne. A da kana ɗaure kaya da hannu, yanzu ka sayi na'urar liƙe leda, kayan sun daina lalacewa a hanya. Wannan sabon abu ne, ko da maƙwabcinka ya riga ka. Faɗe shi.

Sai batun kuɗi, inda kunya kan hana gaskiya fita. Za a tambaye ka ko ka nemi bashi a banki, ko an ba ka, da abin da ka ajiye jingina. In ba ka nema ba saboda kuɗin ruwa ya yi yawa, ko ba ka da abin jingina, ka faɗa ƙarara. Wanda ya ce "ba na bukata" alhali tsoro ne ya hana shi, ya ɓoye matsalar da aka zo gani.

Za a kuma taɓo masu gasa da kai, da ɗaukewar wuta, da abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya. Buɗe littafin cinikinka kafin ka ba da adadi. Abin da ba ka rubuta ba, ka ce ba ka sani ba.

Aiki: Rubuta abu ɗaya da ka sauya a sana'arka cikin shekaru uku, da shekarar da ka sauya shi. Karanta wa na kusa da kai.